Inuwar Talle Mai Tuta

A bangon falon Kawu Musbahu akwai hotuna goma sha huɗu, duka na jiragen ƙasa, kowanne cikin gilashinsa. Baƙo ba ya zama sai ya tsaya gabansu. Wani ya ce wannan ai zane ne, ba hoto ba. Wani ya nuna farin jirgin nan mai dogon baki kamar na agwagwa ya ce, "Shi ne mai gudun harsashin?" Ni abin da idona ya faɗa a kai ranar farko daban ne. Gilasan duka tas suke, ban da na ƙarshe, wanda ke daf da ƙofar kicin. A kusurwarsa ta ƙasa, hannun hagu, akwai ɗan dabbaren maiƙo, irin wanda babban yatsa yake bari idan ya saba sauka a wuri ɗaya. Na matsa na duba abin da ke ƙarƙashin dabbaren. Tsakuwar gefen layin dogo ce, da wata inuwa kwance a kanta. Ban tambaya ba. Ko a gidanmu ni ba mai tambaya ba ce.

A 2016 ne. Na gama karatun kwamfuta a Kano, na samu gurbin koyon Larabci a jami'ar mata ta Riyad, garin da yayana Shakir ya riga ni zuwa karatu. Ya kama ɗaki a Manfuha, hawa na biyu na wani tsohon gini, ni kuma nakan zo wurinsa ranar Alhamis in koma makaranta Asabar. Kawu Musbahu da matarsa Anti Fatsuma da 'yarsu Hajar suna hawa na uku. Ba mu haɗa jini ba. Da ya ji mahaifiyarmu 'yar Zariya ce sai ya ce magana ta ƙare, shi kawu ne.

Jirgi ne ya sa ya neme ni. A cikin jami'armu akwai wani ɗan jirgi marar direba da ke zagayawa a kan gada yana kai ɗalibai azuzuwa. Maza ba sa shiga harabar, shi sai dai ya hango shi daga babban titi in ya ɗauko baƙi daga filin jirgin sama. Ya aiko Anti Fatsuma ta kira ni. Na zauna a gefenta na naɗe ƙafa, shi yana can ƙarshen falo.

"Malama Safiyya, in zai tsaya, wane irin kuka yake yi? Siriri ko mai kauri?"

Na ce ban sani ba.

"Wata biyar kina shigarsa ba ki saurare shi ba?"

"Rabu da shi, ya binti," in ji Anti Fatsuma, wadda ke ce mini 'yata da Larabci. "Gidan nan tasha ne. Tikiti ne kawai ba mu fara yankawa ba."

Mako na gaba na tsaya kusa da ƙofar jirgin na kasa kunne. Na dawo na gaya masa kukan siriri ne, yana sauka a hankali kamar na butar shayi da aka ɗauke daga wuta. Ya tafa hannu. Ya ce haka na Hiroshima suke yi, sababbin cikinsu. Daga ranar na zama 'yar gida.

Labarinsa ban ji shi a zama ɗaya ba. Tsintarsa na yi, wani a bakinsa, wani a bakin Anti Fatsuma muna gyaran shinkafa.

An haife shi a kwatas ɗin ma'aikatan reluwe a Sabon Garin Zariya. Mahaifinsa, Malam Talle, ya shekara talatin da ɗaya yana juya wa jirgi hanya yana ɗaga masa tuta, kore in hanya a buɗe take, ja in ana so ya tsaya, har aikin ya zama sunansa: Talle Mai Tuta. A wurinsa Musbahu ya koyi cire takalmi ya ɗora tafin ƙafa a kan ƙarfen dogo, ya ji jirgin da ido bai gani ba tukuna. Daga baya jirage suka yi ta raguwa. Na kullum ya koma na mako, na mako ya koma sai an gani. Ciyawa ta rufe layi, mata suka mai da shi wurin shanyar barkono. Malam Talle ya ajiye aiki, ya ninke kakinsa ya sa a ƙasan akwati. Musbahu ya so ya gaji uban, amma babu abin gadon. Ya koyi tuƙi, ya yi 'yan shekaru tsakanin Zariya da Kano, a 2001 wani ɗan unguwarsu ya samo masa biza. Ya ja tankar ruwa shekara biyar, sannan ya zama direban wata masana'antar bututu a Sana'iyya ta Biyu, unguwar masana'antu da ke kudancin gari. A nan ƙasar ya auri Anti Fatsuma, haifaffiyar Makka, wadda ke yin Hausa da Larabci a numfashi ɗaya.

A 2009 masana'antar ta kawo wani injiniya, muhandis a bakin Larabawa, daga Japan, Moriyama, siririn dattijo mai furfura wanda ba ya son magana. Aka ce Musbahu ya riƙa tuƙa shi. Juma'ar farko, da sanyin safiya, mutumin ya nuna masa wani wuri a taswira, can bayan Kharj, inda layin Dammam ya ratsa sahara. Suka je. Babu gida, babu bishiya. Dattijon ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya harɗe hannu, ya tsaya.

"Na ce yau na ɗauko mahaukaci," in ji Kawu. "Awa ɗaya, awa biyu. Shayin da na zo da shi ya ƙare. Sai na ce bari in taimaki bawan Allah kafin Juma'a ta kuɓuce mini. Na cire takalmi na taka ƙarfe. Na ce, 'Muhandis, minti biyar.' Ya dube ni, ya dubi agogo."

"Ya zo a minti biyar ɗin?"

"Shida. Ƙafar ta daɗe ba ta aiki."

Da jirgin kayan ya wuce, Moriyama ya juyo ya sunkuyar masa da kai, irin gaisuwarsu. Kawu ya ce shekara takwas yana ƙasar nan ba wanda ya taɓa yi masa haka. Daga nan kowace Juma'a tare suke fita, har dattijon ya fara miƙa masa kyamarar.

Ba dannawa kawai ya koya masa ba. Ashe masu ɗaukar hoton jirgi a ƙasarsu jama'a ce guda, da ƙa'idojinta. Rana ta kasance a bayanka. Jirgi ya fito gaba ɗaya, daga kai har tarago na ƙarshe. Kada sandar waya ta tsaga masa fuska. Kada mutum ya shiga, ko da gefen rigarsa ne. Wanda ya ɓaci kuma ka goge shi nan take, a wurin da kake tsaye, kada ka kai shara gida. Kawu yakan jero su yana lanƙwasa yatsu kamar ɗalibi a gaban malami, sai dai na lura idan ya zo na biyun ƙarshe muryarsa takan yi ƙasa, ya haɗa su ya wuce da sauri.

Da aikin Moriyama ya ƙare ya bar masa kyamarar, bayan wasu watanni kuma ya aiko masa da takardar gayyata zuwa Japan. Kafil ɗin Kawu, wato mai masana'antar da takardar zamansa ke ƙarƙashin sunansa, ya yi dariya ya ce bai taɓa jin direban da ya nemi izinin fita don ya kalli jirgi ba. Amma ya sa hannu. Kwana goma, a watan Afrilun 2012.

Kwana goman nan Kawu yana da labarinsu da zai ishe shi har tsufa. Bai damu da jirgin harsashi ba, ya ce wannan kafin ka ce bismilla ya wuce. Zuciyarsa tana wurin taram, ƙananan jiragen da ke bin tsakiyar titi tare da motoci, da ƙarfe a ka yana lasar wayar lantarki. A Hiroshima da Nagasaki ya bi su unguwa-unguwa, har da tsofaffin da suka girme shi suna aiki. Shinkafa da dafaffen ƙwai da kifi ya yi ta ci don gudun abin da bai sani ba. Ya ce direbobinsu da farar safar hannu suke tuƙi, kuma duk alamar da suka zo wucewa sai sun nuna ta da yatsa sun ambace ta da baki, ko ba mai ji.

"Na ce wannan ai Baba ne. Shi ma sai ya ce 'a buɗe take' kafin ya ɗaga kore, ko da shi kaɗai ne a wurin."

Ya ba ni labarin wata gada inda ya tarar da dattawa kusan ashirin a jere, kowa da kyamararsa, wasu a kan 'yan ƙananan tsani, shiru kamar ana jiran liman. Wani tsoho ya dube shi, ya janye jakarsa ya ba shi wuri. Da taram ya ɓullo sai ƙarar dannawa ta tashi kamar fara ta sauka a gona. Ana cikin haka wani mai keke ya tsaya a gabansu yana gyara hula. Mutanen nan masu shiru suka kwatsa masa tsawa gaba ɗaya.

"Har da ni," in ji Kawu. "Da Hausa. A Riyad sunana direba. A can kwana goma ba wanda ya tambaye ni aikina, sai dai a leƙo a ga abin da na ɗauka."

Hotuna goma sha uku na bangon nan daga tafiyar suka fito. Na goma sha huɗun, mai dabbaren yatsa, kan jirgi ne kore da rawaya, ya ɗan sha jiki. Shi kaɗai ne bai taɓa ba da labarinsa ba.

Hajar ce ta buɗe maganar ba da saninta ba. Shekararta tara, Larabci ya fi zama a bakinta. An ba su aiki a makaranta su zana bishiyar dangi, su liƙa hoton kowa a reshensa. Ta sauko wurina da kwali da gam saboda an ce ina da hannun zane. Muka liƙa nata, da na iyayenta, da na kakanninta na Makka, da na mahaifiyar Kawu. Reshe ɗaya ya rage. Ta ɗora yatsa a kai, ta kira ni Abla, yadda suke kiran babbar yaya.

"Abla, nan mafi hoto, babu hoto. Baba ya ce yana nema."

Da yamma na hau mayar da almakashin da Hajar ta bari, na tarar da Anti Fatsuma ita kaɗai a kicin. Ta ce tun da aka ba yarinyar aikin nan Kawu bai ci abincin kirki ba. Ya kira Zariya, yayarsa Dije ta zazzage akwatuna. Katin fansho kawai aka samu, shi ma ruwan wata damina ya jiƙa shi, fuskar ta narke ta bar tabo. Tsohon dama ba ya son hoto. Ko a biki aka ɗago waya sai ya juya ƙeya, ya ce shi ba kayan kallo ba ne.

"Amma ai Kawu mai hoto ne," na ce.

"Shi ne ciwon, ya binti."

Ta rage wuta ta gaya mini. A ƙarshen 2012 aka ji jirgin Legas zuwa Kano ya dawo aiki bayan shekaru. Kawu ya nemi hutu takanas don shi, ya tafi a watan Janairu. Ranar da jirgin zai ratsa Zariya suka je tasha tare da mahaifinsa. Ya ɗauki hotuna uku da tsohon a ciki, ya goge su a wurin, saboda ƙa'ida. Da azumin shekarar Malam Talle ya rasu bayan sallar Asuba. Kafin Kawu ya isa ofishin kafil neman izinin fita an riga an kai shi.

Ni da ba na magana, ranar bakina ya riga ni.

"Anti, abin da aka goge a memorin kyamara ba ya tafiya nan take. Wani lokaci ana iya dawo da shi."

"Wani lokaci" na ce. Amma kafin maganar ta isa kunnen Kawu, "wani lokacin" ya faɗi a hanya. Kuma akwai tambayar da ya kamata in fara yi, wadda ko ɗalibin shekarar farko ya sani, ban yi ba.

Washegari Juma'a ce. Ana saukowa daga masallaci ya aiko a kira ni, ko farar jallabiyarsa bai cire ba. Na hau da kwamfutata. An share tebur, an shimfiɗa masa sabon kyalle. Ya buɗe wani gwangwanin shayi ya ciro memorin a naɗe cikin hankici, ya miƙo mini da hannu biyu. Sai a lokacin na yi tambayar.

"Kawu, bayan ranar ka ci gaba da ɗauka da shi?"

"Sosai ma. Shi ne mai kyan, Moriyama ne ya ba ni. Duk ginshiƙan metro ɗin nan da shi na ɗauke su. In ya cika in juye, in wanke shi, in sake."

A shekarun nan ana ta haƙa Riyad ana kafa wa jirgin cikin gari ƙafafu. Duk direban da ka ji yana tsine wa karkatar da hanya ne, ban da Kawu, wanda kowane mako sai ya tsaya ya ɗauki ginshiƙan siminti yana auna yadda suka ƙaru. Shekara uku ke nan yana rubuta sabo a kan tsoho. Na san abin da hakan ke nufi. Na dubi fuskarsa, na sunkuyar da kai, na sa memorin a kwamfuta, na kunna manhajar dawo da abin da aka goge.

Manhajar ta ce za ta ɗauki awa biyu. Wani shuɗin layi ya fara rarrafe a ƙasan allo. Anti Fatsuma ta kawo shayi ba wanda ya taɓa. Hajar ta kwanta a ƙasa da kwalinta. Kawu ya zauna yana kallon layin kamar yadda nake jin ya kalli layin Dammam, can sai ya fara magana, ba ni yake duba ba.

"Tun hantsi ya fara shiri. Ya ciro kakin, ya sa aka aro dutsen guga, ya goge da kansa. Hular ta yi masa yawa, kan ya ragu. Na ce, 'Baba, ina zuwa haka?' Ya ce, 'Baƙo zai zo, ba a taryarsa da rigar barci.' Na yi dariya. Hankalina yana kan rana, ina lissafin inda za ta kasance bayan La'asar."

Ya juya kofin shayin a kan faranti.

"Na samu wuri mai kyau. Rana a bayana, babu sandar waya. Shi ya fara jin sa, ko takalmi bai cire ba. Ya ce, 'Ga shi nan.' Ya taka zuwa inda yake tsayawa a da, ya miƙe, ya ɗaga hannu. Babu tuta, hannun kawai. Na danna sau uku kafin in ga ya tare mini rabin kan jirgin. Jirgi kuma ba ya jira. Sai na ɗaga murya. Irin ta gadar nan ta Japan. Na ce, 'Baba, matsa! Ka shiga hoton!'"

"Ya isa haka, Abu Hajar," in ji Anti Fatsuma.

"Bari ta ji, ai ita ke nemo shi. Ya ce, 'Af, yi haƙuri.' Ya ja da baya. Ni ya ba haƙuri."

Ya nuna hoton bango da haɓa. Sai yanzu na gane inuwar. Mutum ne a tsaye a wajen hoton, hannunsa ɗaya a sama.

"Bai sauke hannun ba har tarago na ƙarshe. Da jirgi ya wuce ya zo ya leƙa. Na nuna masa wancan, ya ce ya yi kyau. Na koma kan ukun ina gogewa yana kallo. Ya ce, 'Su waɗannan me ya same su?' Na ce, 'Sun ɓaci, mutum ya shiga.' Ya yi 'yar dariya, ya cire hular ya riƙe a hannu. Har gida bai mayar ba. Na ce a raina gobe zan zaunar da shi a ƙofar gida in ɗauke shi da kyau. Gobe 'yan sannu da zuwa, jibi sayayyar tsaraba, kafin in farga ina filin jirgin Kano."

Layin ya wuce rabi. Daga titi ana jin mai sayar da kankana yana kira.

"Wani lokaci nakan ce wa kaina jirgin ya je gaisarwa," in ji Kawu. "Mutumin da ba ya son hoto, me zai sa ranar ya so? Wataƙila ma bai san yana gabana ba. In haka ne da sauƙi. Ni ta cikin kyamara jirgin nake kallo, ban ga inda ya sa ido ba."

Ana kiran La'asar manhajar ta gama. Ya je masallaci ya dawo da sauri. Hotuna sama da dubu biyu suka fito. Ginshiƙai, ginshiƙai, injin ɗaga kaya, shingen rawaya, ginshiƙai. Can ƙasa wasu taram biyu na Nagasaki da suka tsira. Na jera su bisa kwanan wata. A ranar tashar Zariya akwai guda huɗu. Ɗaya shi ne na bango. Na danna na biyu, bai buɗe ba. Na uku ma haka.

Na huɗun ya buɗe daga sama.

Sararin sama ne, fari-fari. Sai tsohuwar sandar alama ta tasha, sai rufin kan jirgi, kore. A gabansa yatsu huɗu a miƙe, sirara, da bakin hannun riga mai karin guga. Ƙasa kaɗan sai hular kaki, da tambarin tagulla a goshinta yana ɗaukar rana, da bakin hular mai sheƙi. Daga nan zuwa ƙasa toka ce zalla, shafe ɗaya, kamar an ja labule.

Hajar ta taso ta sa kanta tsakaninmu.

"Wen wajhu? Ina fuskar?"

Anti Fatsuma ta jawo ta jikinta.

"Malama Safiyya," in ji Kawu a hankali, "ba za ki iya jawo shi ƙasa kaɗan ba? Ko da faɗin yatsa ne."

"Kawu, abin da ke ƙasan an rubuta wani a kansa."

"Da me?"

Ya dubi ƙananan hotunan da ke jere a gefen allo.

"Siminti," ya ce.

Ya sa tabarau ya matso har numfashinsa yana taɓa allon. Ya daɗe a haka. Ni na riga na ga abin da yake shirin gani, kuma da akwai yadda zan rufe shi da na rufe. Jirgin yana zuwa ne daga hannun dama. Wanda ke gaida jirgi, gefen hularsa za a gani. Tambarin nan kuwa a tsakiya yake, gaba ɗayansa, yana fuskantar mai kyamara.

"Ni yake kallo," in ji Kawu.

Ya cire tabarau ya ninke. Ya sake cewa, "Ni yake kallo," wannan karon da Anti Fatsuma yake. Ta ce Allah ya jiƙan Baba, ya ce amin, muka ce amin.

Na ce akwai masu gyara a kasuwar Batha da suke da na'urorin da suka fi tawa. Ya tambaye ni tsakani da Allah ko za su samo abin da na rasa. Na ce a'a. Ya gyaɗa kai, ya yi mini godiya har sau biyu, abin da ya fi mini zafi da a ce faɗa ya yi. Na sha tunanin da na yi shiru a kicin ɗin nan kamar yadda na saba, da har yau yana da "wataƙila" ɗinsa.

Hajar ta ce jibi za a karɓi aikin, me za ta liƙa? Kawu ya ce in yanke tokar, in fitar mata da saman ƙarami, daidai reshen. Ta ce malama za ta tambaya. Ya fara ba ta amsa da Larabci, sai ya tsaya ya koma Hausa.

"Ki ce hular kakanki ce. Ki ce shekara talatin da ɗaya jirgi bai taɓa ɓata hanya a hannunsa ba. Sunansa Talle Mai Tuta. Faɗi in ji."

Ta faɗa, ya sa ta sake, ta sake.

Na zare memorin na miƙa masa. Bai mayar da shi cikin kyamara ba. Ya naɗe shi a hankicin, ya sa a gwangwanin shayi, ya ɗora a saman kabad inda hannun Hajar ba ya kai. Da zai wuce ta ƙofar kicin na ga hannunsa ya ɗago wajen kusurwar gilashin nan, ya tsaya a iska, ya koma aljihu.

Anti Fatsuma ta ce gas ya ƙare tun da rana, ba ta so ta katse mu ba ne. Ya dubi agogo ya ce bari ya yi sauri kafin a rufe shaguna don Magariba. Ya tattare jallabiyarsa, ya kwance tulun gas ɗin, ya saɓa a kafaɗa, ya sauka da shi hawa uku.